Daga Bakin Hanya Zuwa Gida: Yadda Asibiti Ke Ceton Waɗanda Suka Yi Hatsarin Mota

Gabatarwa

Da wuya a sami gari ko ƙauye a Nijeriya inda ba a taɓa zaman makoki saboda hatsarin mota ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin rahoton da ta fitar a 2023, ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 1.19 ne suka rasa rayukansu a kan hanya a shekarar 2021. Ta kuma nuna cewa kowace shekara mutum miliyan 20 zuwa 50 ke jin rauni, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29.

Labarin waɗanda suka rasu shi ake ji a rediyo. Na waɗanda suka rayu ba a cika jinsa ba, alhali kuwa a cikinsa darasi yake. Saboda haka wannan ɗan littafi zai bi wani iyali tun daga inda motarsu ta faɗi har zuwa ranar da suka koma gida da ƙafafunsu. An kawo labarin ne a matsayin misali, ba a ɗora shi a kan wani mutum ko wani asibiti ba, amma raunukan da ke cikinsa irin waɗanda likitoci ke gani ne kowane mako. Abin da ake so mai karatu ya lura da shi shi ne, a kowane mataki akwai aikin likita, akwai kuma aikin dangi da jama'a. In ɗaya ya gaza, ɗayan ba zai isa ba.

A Bakin Hanya

Magidancin ɗan kasuwar goro ne mazaunin unguwar Sabo ta Badun. Ana saura kwana biyu Babbar Salla ya ɗauki uwargidansa da ɗansa mai shekara 14 da 'yarsa mai shekara 6, suka nufi gida Arewa. Da la'asar, bayan sun wuce Lakwaja, tayar gaba ta fashe alhali mota na gudu. Motar ta ƙwace, ta wuntsila, ta faɗa rami. Maigida ne kaɗai ya ɗaura bel. Yarinyar ta fita ta taga ta faɗi a sume, uwar ta karye a cinya, maigida yana numfashi da ƙyar. Yaron kuwa ya fito da kansa yana tafiya, har mutane suna cewa shi kam ya tsira.

A cikin motar haya ta farko da ta tsaya akwai wani tsohon malamin asibiti, kuma abin da ya yi shi ya kamata kowa ya yi. Ya sa aka kashe injin motar, aka sa alama can nesa a kan hanya don kada wata mota ta afka wa masu taimako. Ya sa wani ya buga lamba 122, watau layin gaggawa na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Sa'an nan ya bi masu raunin ɗaya bayan ɗaya.

Inda jini ke zuba, ya naɗe mayafi mai tsabta ya danne wurin da ƙarfi, bai ɗaga ba. Ƙafar uwar ya sa aka ɗaure ta a tsakanin katako biyu don kada ƙashin ya yi ta motsi yana yanka tsoka da jijiya. Yarinyar kuwa ya hana a ɗauke ta a kafaɗa. Mutum huɗu ne suka ɗaga ta tare, ɗaya yana riƙe da kanta daidai da jikinta, domin in ƙashin wuya ya tsage, lanƙwasa shi sau ɗaya na iya yanke laka, mutum ya shanye har ƙarshen ransa.

Da wata mata ta kawo ruwa za ta ɗura wa yarinyar, sai ya hana. Wanda ya suma ba ya iya haɗiya, ruwan sai ya bi hanyar numfashi ya shiga huhu. Wanda ke a farke ma, mai yiwuwa ne a yi masa tiyata, kuma ciki mai abinci ko ruwa na jawo amai a lokacin da aka sa mutum barci. Ɗura ruwa tausayi ne, amma tausayi ne mai kisa.

Wani likitan fiɗa na birnin Baltimore ta Amurka, R Adams Cowley, shi ya yaɗa abin da ake kira sa'ar zinariya. Ba ana nufin minti 60 daidai ba ne. Ana nufin cewa jini da numfashi ba sa jira, kuma kowane jinkiri yana rage damar tsira. Don haka ba a tsaya ɗaukar hoto ko jiran dangi, kuma ba a wuce asibiti a kai mai rauni gida.

A Ƙofar Asibiti

Mutane da yawa na tsoron ɗaukar wanda ya yi hatsari, wai asibiti ba zai karɓe shi ba sai da takardar 'yan sanda, ko sai an ajiye kuɗi. Ya kamata kowa ya san abin da doka ta ce. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane ma'aikacin lafiya da kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa, hukuncinsa tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. A dokokin Hukumar Kiyaye Haɗurra ma, ƙin karɓar wanda ya yi hatsari laifi ne. Sanar da 'yan sanda wajibi ne, amma bayan an fara ceton rai yake zuwa.

Da aka isa sashen taimakon gaggawa, uwar ce ke ihu saboda zafin karaya, amma ba ita aka fara ɗauka ba. Wannan yakan ɓata wa dangi rai, har su ce an yi son kai. Gaskiyar maganar ita ce, a wannan sashe ba a bin layi, ba a duba girma ko shekaru. Ana duba wanda mutuwa ta fi kusa da shi. Mai ihu ya nuna cewa hanyar numfashinsa a buɗe take, kuma jini na kai wa ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Saboda haka aka fara da yarinyar da ta suma da kuma maigida da numfashi ke neman ƙwace masa.

Tsarin Da Likitoci Ke Bi

Tsarin da ake bi wajen duba mai rauni ya samo asali ne daga masifar da ta faɗa wa wani iyali. A watan Fabrairu na 1976 wani likitan ƙashi Ba'amurke, James Styner, ya faɗi da ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa a karkarar jihar Nebraska. Matarsa ta rasu nan take, uku daga cikin 'ya'yansa huɗu suka ji mummunan rauni. Da ya kai su wani ƙaramin asibiti sai ya tarar a rufe yake, kuma da aka buɗe ya ga ma'aikatan ba su da shirin karɓar irin waɗannan raunuka. Abin da ya gani ya sa shi da abokan aikinsa suka tsara horo na musamman, aka fara shi a 1978, ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amurka ta karɓe shi a 1980, daga nan ya bazu duniya.

Tushen tsarin shi ne a fara da abin da ya fi saurin kisa. In jini na tsartuwa a waje, shi ake fara tsayarwa. Sa'an nan a duba hanyar numfashi tare da tsare wuya, a duba numfashin kansa, a duba gudanar jini, a auna hankalin mutum, daga ƙarshe a tuɓe shi a duba ko'ina, gaba da baya, sannan a lulluɓe shi don kada sanyi ya kama shi. Wannan ne dalilin da ya sa ake yanka tufafi da almakashi, kuma ake fitar da dangi waje. Ba wulaƙanci ba ne.

Da aka zo kan maigida, likita ya saurari ƙirjinsa ya ji ɓangaren dama shiru. Haƙarƙari uku sun karye, ɗaya ya huda huhu, iska da jini sun taru a cikin ƙirji sun matse huhun. Aka kashe wurin da allura, aka ɗan tsaga tsakanin haƙarƙari, aka zura bututun roba wanda ɗaya bakinsa ke cikin kwalba mai ruwa. Iska da jini suka fita, huhu ya buɗe, numfashi ya dawo. Yawancin raunukan ƙirji da wannan bututu ake maganinsu, ba sai an buɗe ƙirjin ba. Abin da ake roƙon masu jinya shi ne kada su ɗaga kwalbar sama da ƙirjin majinyaci, kada kuma su zubar da ruwan cikinta.

Jinin Da Ba A Gani

Duk wannan lokaci yaron na zaune a kan benci yana roƙon ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta lura idonsa ya yi fari, zufa mai sanyi na karyo masa, zuciyarsa na bugu da sauri, yana kuma dafe da hagun cikinsa. Aka kwantar da shi, aka duba cikin da na'urar hoto, aka ga jini ya taru. Saifarsa ce ta fashe.

Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma cike take da jini. A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa takan kumbura, ta fi saurin fashewa. Babban mutum yana da jini wajen lita biyar a jikinsa, yaro kuwa bai kai haka ba. Jikin yaro da na saurayi yakan daure ya ɓoye asarar jini na ɗan lokaci, sa'an nan ya faɗi gaba ɗaya. Don haka duk wanda ke cikin motar da ta yi mummunan hatsari a duba shi, ko da yana tafiya da ƙafarsa, ko da babu ko ƙwarzane a jikinsa.

Aka sa wa yaron ƙarin ruwa, aka yi masa allurar wani magani mai suna taraneksamik asid, wanda ke hana gudan jini narkewa. Wani babban bincike da aka buga sakamakonsa a 2010, wanda ya haɗa masu rauni fiye da 20,000 a ƙasashe 40, har da Nijeriya, ya nuna cewa maganin na rage mutuwa, daga baya kuma aka tabbatar amfaninsa na cikin sa'o'i uku na farko ne. Wannan ma wani dalili ne na gaggauta zuwa asibiti. Amma ruwa da allura ba sa ɗinke saifa. Wani lokaci, in tsagewar kaɗan ce kuma jinin ya tsaya, likitoci kan bar ta su sa ido. Ta wannan yaro ba ta tsaya ba, sai tiyata.

A daidai nan wan maigida ya iso daga Abuja. Da aka kawo takardar amincewa sai ya ce a dakata zuwa safe, a shawarci mutanen gida. Likita ya ce masa, "Alhaji, jinin da ke zuba a cikin yaron nan ba zai jira asuba ba." Maigida, da bututu a ƙirjinsa, ya ce, "Yaya, a ba ni takardar." Ya sa hannu, aka shiga da yaron, aka cire saifar.

Sai kuma maganar jini. Ba a ƙera shi, ba a samunsa sai daga jikin mutum. Wan maigida ya bayar, fasinjoji biyu na motar hayar nan suka bayar, Sarkin Hausawan garin ya aiko da samari. Wasu na tsoron cewa ba da jini na rage ƙarfi ko hana haihuwa. Wannan camfi ne. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Ruwan jinin na dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa kuma cikin 'yan makonni. Ana auna mai bayarwa tukuna, ana kuma gwada jinin don ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere kafin a sa wa kowa. A 2021 aka kafa Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa bisa doka, domin a sami jini a ajiye tun kafin buƙata ta taso. Lafiyayyen mutumin da ke ba da jini tun ba a roƙe shi ba, shi ke sa a sami na ajiya a daren da babu dangi a kusa.

Rauni A Kai

Don auna zurfin suma, likitoci na amfani da ma'aunin da wasu likitoci biyu na birnin Glasgow suka fito da shi a 1974. Ana duba abu uku: buɗe ido, magana, da motsi. Lafiyayye na samun 15, mafi ƙanƙanta 3, kuma daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. Wannan ne ya sa ma'aikatan jinya ke tashin majinyaci cikin dare, su tambaye shi sunansa, su haska idonsa da tocila. Suna duba ko lambar na hawa ko tana sauka.

Ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. In jini ya taru a ciki, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, babu inda za ta matsa. Akwai wanda zai suma, ya farfaɗo, ya yi hira da mutane, sa'an nan bayan 'yan sa'o'i ya sake suma saboda jini na taruwa a hankali. Irin wannan, in an gane da wuri, tiyata na cetonsa. Alamun da ba a wasa da su bayan buguwar kai su ne yawan amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashin mutum daga gare shi, rikicewar magana, farfaɗiya, raunin hannu ko ƙafa, da fitar jini ko ruwa ta kunne ko hanci.

Asibitin farko ba shi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Bayan an tsare numfashin yarinyar, an sa mata abin riƙe wuya, an ɗaure hannunta da ya karye, sai aka tura ta babban asibiti tare da ma'aikaciyar jinya. Tura majinyaci gaba ba kora ba ce. Asibitoci hawa-hawa ne, kuma manyan irin su asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Masu Rauni ta Ƙasa da aka buɗe a Abuja a 2014 an tanade su ne don raunukan da suka fi ƙarfin ƙanana. Hoto ya nuna ƙwaƙwalwar yarinyar ta bugu, amma babu gudan jinin da ke buƙatar tiyata. Aka sa ta a ɗakin kulawa ta musamman. A rana ta uku ta buɗe ido ta kira Innarta.

Karaya: Asibiti Da Maɗori

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jiki, kuma in ya karye mutum na iya zubar da jini fiye da lita ɗaya a cikin tsoka ba tare da an gani ba. Da uwargida ta sami sauƙin wannan, likitoci suka ce za a sa mata ƙarfe. A nan dangi suka rabu biyu. Surukarta ta aiko cewa a kawo ta gida, akwai maɗorin da ya gaji sana'ar iyaye da kakanni, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Ba a musun cewa maɗora sun daɗe suna yi wa jama'a hidima, tun ba a san asibiti ba. Amma akwai abin da hannu ba ya iya gani. Maɗori ba shi da hoton da zai nuna masa yadda ƙashi ya karye. Tsokar cinya tana da ƙarfin da karan ɗori ba ya iya riƙewa, sai ta ja ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa, ƙafa ta gajarce, ko ta ƙi haɗuwa. In ƙashi ya huda fata, shafa masa magani na sa ƙwayoyin cuta su shiga ɓargo. Mafi muni shi ne ɗauri mai tsanani a kan gaɓar da ke kumbura: jini ya daina zuwa, nama ya mutu cikin sa'o'i, gaɓa ta yi baƙi. Da yawa daga cikin yaran da aka yanke wa hannu a asibitocin ƙasar nan, ɗauri ne ya kashe hannun tun kafin a kawo su, sa'an nan a ce asibiti na yanke gaɓa. Ko filastar asibiti ce, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka daina ji, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, a koma asibiti a wannan sa'a.

Ƙarfen da ake zurawa cikin ramin ɓargo wani likita Bajamushe, Gerhard Küntscher, ya fara aiki da shi a 1939. Ba ya tsatsa a jiki, kuma amfaninsa shi ne mutum ya tashi daga gado cikin kwanaki maimakon ya yi watanni a kwance an rataye masa ƙafa da nauyi. Ana yin wannan aiki a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin Tarayya, da kuma tsofaffin asibitocin ƙashi uku, watau na Igbobi a Legas, da na Inugu, da na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959. Uwargida da kanta ta ce ta yarda. Aka yi aikin, kuma kafin mako ya cika ta tsaya da sandunan dogarawa.

Zaman Jinya

Fita daga ɗakin tiyata ba shi ne warkewa ba. A wannan lokaci aikin dangi ya fi yawa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi kowace sa'a biyu, a tsabtace shimfiɗarsa, don kada gyambon kwanciya ya fito masa. Mai karayar haƙarƙari ya sha maganin rage zafi, ya riƙa jan dogon numfashi yana tari ko da da ciwo, in ba haka ba majina ta kwanta a huhu ta zama ciwon huhu. Ba a ɗaure ƙirji da zane. Wanda ke kwance ya riƙa motsa ƙafafunsa don kada jini ya daskare a jijiya. A ba majinyaci ƙwai da wake da kifi da nama da nono gwargwadon hali, domin da su jiki ke gina nama da ƙashi. Taba na jinkirta haɗuwar ƙashi. Kada a buɗe ciwo a zuba masa wani abu, kada kuma a ba da jiƙo a ɓoye, domin yana iya karo da maganin likita.

Maganar kuɗi ita ce ta fi karya zuciya. Maigida na kwance, kasuwa ta tsaya, ga majinyata huɗu. Har ya yi niyyar sa hannu ya fitar da iyalinsa. Wannan shi ne kuskuren da ke mayar da aiki baya, domin wanda aka fitar kafin lokaci yakan dawo da ciwon da ya fi na farko tsada. Manyan asibitocin gwamnati na da sashen jin daɗin marasa lafiya, inda ake sauraron masu ƙaramin ƙarfi. Can aka kai kukan, abokan kasuwa kuma suka yi karo-karo. Dokar 2014 ta ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don taimakon gaggawa, kuma dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Magidanci ya bincika tsarin inshorar jiharsa tun yana lafiya. A kuma adana kowace takarda da rasit da hoton ƙashi.

Komawa Gida

An cire wa maigida bututu cikin mako guda, haƙarƙarinsa suka haɗu cikin wajen mako shida. Hannun yarinyar ma haka, domin ƙashin yaro ya fi saurin haɗuwa. Cinyar uwa ta ɗauki watanni, kamar yadda ta babba kan ɗauki wata uku zuwa shida. Duk tsawon lokacin tana zuwa sashen gashin ƙashi ana lanƙwasa gwiwa, ana ƙarfafa tsoka. Gaɓar da aka bari ba motsi sandarewa take yi, kuma mutane da yawa da ke ɗingishi a yau ƙashinsu ya haɗu sarai, gashi ne suka bari a tsakiya.

Yaron zai rayu lafiya ba saifa, amma da sharaɗi. Saifa na taimakon jiki wajen yaƙar wasu ƙwayoyin cuta da zazzaɓin cizon sauro. Don haka aka yi masa allurar rigakafi, aka ce ya riƙa kwana cikin gidan sauro, kuma duk ranar da zazzaɓi ya kama shi a kai shi asibiti a ranar, ya kuma gaya wa kowane likita cewa an cire masa saifa.

Akwai kuma raunin da hoto ba ya nunawa. Yarinyar ta riƙa firgita cikin barci, tana kuka in ta ji ƙarar birki, tana mantuwa a makaranta. Aka sanar da malamanta, aka sassauta mata, aka daina yi mata faɗa. Maigida ya daina barci, yana ɗora wa kansa laifi, ya ƙi taɓa sitiyari. Irin wannan abu ne sananne bayan babbar firgita, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Yawanci yakan lafa da addu'a da hira da na kusa da komawa aiki sannu a hankali. In ya wuce wata guda yana hana mutum harkarsa, a gaya wa likita, domin yana da magani.

Da Babbar Salla ta zagayo, iyalin suka sake kama hanyar gida. Wannan karon maigida ya canza tayoyin da suka tsufa, ya tashi da sassafe don kada ya yi gudu, kuma bai tayar da mota ba sai da kowa ya ɗaura bel, na gaba da na baya. Tun 2003 ake tilasta ɗaura bel a Nijeriya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa har da rabi. Yarda da ƙaddara wajibi ne, yin hattara ma wajibi ne.

Abubuwan Tunawa

1. A sa alama a hanya, a kashe injin, a buga 122 ko 112.
2. A danne inda jini ke zuba, a riƙe kai da wuya, a ɗaure karaya.
3. Kada a ba mai rauni ruwa ko abinci.
4. A kai kowa asibiti, har wanda ke tafiya da ƙafarsa.
5. Doka ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa.
6. Kada a jinkirta sa hannu a takardar tiyata, kada a guji ba da jini.
7. Kada a fitar da majinyaci sai likita ya sallame shi.
8. A cika zuwa gashin ƙashi da duk ranakun da aka ce a koma.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya miƙa wa maƙwabcinsa, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. A kai shi tasha, a kai shi kasuwa da makaranta, domin ba a san ranar da za a buƙace shi ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiya sauƙi.